Kai Fuskar Torika

Duk wanda ya zauna cikin 'yan Fiji na unguwar Logan, a kudancin Brisbane ta ƙasar Ostareliya, ya san Peniasi. Shi ne dattijon nan da ke riga kowa zuwa coci ya jera kujeru, ya kuma sulale kafin a buɗe tukwanen abinci. Rabin rayuwarsa a ɗakin sanyi na wata mayanka ya yi ta, yana raba nama da ƙashi, har yatsunsa suka ƙage suka daina miƙewa. Idan aka zauna ranar Asabar shan yangona, abin shanmu na gargajiya da ake damawa da dakakkiyar saiwa, can bakin ƙofa yake rakuɓewa, ya karɓi ƙoƙonsa ya shanye, ba um ba um-um. Yaran yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi shi. Waɗanda suka san shi a Suva, babban birnin Fiji, kuwa, lokacin yana dako a tashar jiragen ruwa, sun ce ba a yi mai surutu da tsokana kamarsa ba.

A Suva ɗin ya auri Vasemaca, 'yar wani ƙauyen masunta a tsibirin Vanua Levu, gaba da garin Savusavu. Yayanta Ilaitia ne ya ba da ita. A wajenmu 'yan Fiji, miji da ɗan'uwan matarsa tavale suke kiran juna, kuma tsakaninsu babu kunya sai tsiya, su biyun nan kuwa sun iya ta. Ilaitia kan ce idan Peniasi na shan yangona sai ka rantse saniya ce a bakin rafi. Peniasi ya ce gara saniya da masuncin da kifaye ke yi wa dariya. Haka suke yini, mata na riƙe ciki.

Da aka haifi Torika, sai nauyin da ke kan kowane uba ya hau kan Peniasi. Dole dangin uba su ɗauki yaro su kai shi garin uwarsa, da turamen yadi da kananzir da tambua, haƙorin nan na ƙaton kifin teku da ake ɗaura wa igiya, su durƙusa su ce ga fuskar jininku mun kawo. Kai fuska ke nan. Kafin a yi shi, yaro baƙo ne a garin uwarsa ko da kamarsa ɗaya da kowa a gidan. Bayan an yi ya zama vasu, ɗan 'yar'uwa, wanda ba a hana shi komai.

Ba a kai ga yi ba hanyar Ostareliya ta buɗe musu. Peniasi ya ce baɗi za su dawo su yi. Sai dai izinin zamansu ya ƙare suka ci gaba da zama, kuma mai zaman ɓoye in ya fita ba ya komowa. Kafin takardu su samu, Torika ta shiga sakandare, uwar Vasemaca kuma ta rasu tana tambayar jikarta. Nan ne Peniasi ya yi irin wautar da sai mu. Ya ce tunda an makara haka ba zai je a wulaƙance ba, sai da mota cike da dangi da kananzir duro-duro. Kowace shekara laifin na ƙaruwa, kayan da za su wanke shi ma suna ƙaruwa a ransa, har suka fi ƙarfinsa. Kunya ta sa ya daina kiran Ilaitia a waya. Shi kuma Ilaitia ya ɗauka girman kai ne na wanda ya ɗanɗana kuɗin Turawa.

Vasemaca ba mace ce mai mita ba. Sai dai wani lokaci tana taje wa yarinyar kai, ta ce kamar da kanta take magana, "Ba mu kai fuskar yarinyar nan ba fa." Ta faɗa ranar bikin Torika. Ta sake faɗa a gadon asibiti, kwana kaɗan kafin ta cika. A Logan aka binne ta. Da Peniasi ya daure ya kira ƙauye, Ilaitia ya saurara har ƙarshe, ya ce "Na ji," ya kashe wayar. Bai ce tavale ba, kuma wannan ya fi yi wa Peniasi ciwo a kan ya zage shi.

Bayan rasuwar ya ƙara shiga ɗaki. Torika, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta rasa yadda za ta yi da shi. Ita da mijinta Lachlan, wani dogon Bature mai gyaran wutar lantarki, suka yanke shawarar su kai shi yawon tsibirai a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, kafin cikin da take ɗauke da shi ya yi nauyi.

"Ni da na yi wa jirgi dako, yanzu a biya kuɗi a loda ni kamar buhu?" in ji Peniasi. "Ku je abinku."

"Baba, ka ji inda za a tsaya mana. Noumea, Port Vila, Suva, Savusavu..."

Da ya ji Savusavu sai ya ce, "Ku nemo mini babbar akwati."

A jirgi bai ci abin kirki ba, duk da abinci kamar a yi me da shi. Kowane gari aka tsaya, Lachlan ya karɓi hayar mota su zaga bakin teku, su yi wanka su yi hotuna, tsohon yana kujerar baya riƙe da tawul ɗinsu. A Suva ne kawai ya ce su tafi su kaɗai. Ya je gidan ƙanwarsa, ya dawo da wani abu a ƙunshe cikin rigarsa yana dafe da shi. Jirgi na barin tasha ya kira Torika bakin ƙarfen benen jirgin ya nuna mata tambua, ya faɗa mata gobe zai kai fuskarta garin uwarta.

"Baba, yarinya kuma? Shekarata talatin da huɗu, ga ciki."

"Shi ya sa. In kika haihu ba a kai ki ba, abin da kika haifa ba shi da ƙofar shiga garin nan. Kuma kawunki Ilaitia ya tsufa. In ya tafi babu wanda ya rage da zai karɓa."

"In ya kore mu fa?"

"Ke ba zai kore ki ba."

Jirgin yini ɗaya yake yi a Savusavu, kafin faɗuwar rana ya ɗaga, kuma ba ya jiran kowa. Da sassafe ƙananan kwale-kwale suka kwashe su zuwa gaɓa. Peniasi ya sayi damin saiwar yangona a kasuwa, da jarka biyu na kananzir. Abin da duro-duron shekara talatin suka koma ke nan. Matar da ke ba da hayar motoci, wata Ba'indiyar garin mai suna Saras, ta ga jarkokin ta ɗaure fuska.

"Kananzir a motata? Kuma na faɗa muku ba a sauka daga kwalta. Ina za ku?"

"Kai fuska," in ji Peniasi.

"Ina yaron?"

Ya nuna Torika. Saras ta fashe da dariya, sai ta dubi fuskar tsohon ta haɗiye sauran. Ta shiga ciki ta ɗauko tsofaffin buhuna ta shimfiɗa a bayan motar da kanta. "In kun wuce gada ku bi a hankali, an yi ruwa jiya," ta ce.

Hanyar jan laka ce tsakanin gonakin kwakwa. Sau biyu motar na kafewa, Peniasi ya fita ya tura da yatsun nan nasa. A bakin ƙauyen ya sa aka tsaya, ya ce Lachlan ya cire hula da tabarau ya ɗaura zani a kan gajeren wandonsa. Ya buɗe babbar akwatin, ya naɗe Torika da yadi tun daga ƙirji, ya bar jelar tana jan ƙasa. Wannan aikin mata ne, gwaggwanni da ƙannen uba, amma babu su.

"Yau kai ne dangina gaba ɗaya," ya ce wa surukinsa.

"To me zan ce, Baba?"

"Kada ka ce komai. Ka ɗauki jarka."

Ƙanwarsa ta riga ta aika saƙo daga Suva, don haka an cika ɗakin taro. Ilaitia na zaune can ƙurya, ya rame ya yi fari fat, sanda a gefensa. Peniasi ya shiga da rarrafe, ya durƙusa, ya ɗaga tambua da hannu biyu. Jawabin da ya shekara talatin yana shiryawa ya gudu ya bar shi. Abin da ya iya fitarwa kaɗan ne. Ya ce ya zo a makare, ya zo ba dangi, ya zo da abin kunya, amma ga fuskar jininsu.

Ba wanda ya motsa. Ana jin teku na dukan gaɓa. Ilaitia bai ko kalli haƙorin ba, Torika yake kallo.

"Matso nan," ya ce mata. Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya yi magana, ba tare da ya juya wajen mai durƙuson ba. "Ka tafi mana da ita da ƙuruciyarta. Ka binne ta inda ba za mu iya share kabarinta ba. Yau ka kawo mana fuskarta a jikin wata." Ya miƙa hannu ya karɓi tambua. "Na karɓa saboda yarinya."

Mata suka ɓarke da kuka da guɗa lokaci ɗaya. Suka warware yadin daga jikinta, wata tsohuwa ta jawo ta ta ɗora a cinya, da cikinta da komai, tana shafa kanta tana kiran sunan Vasemaca. Aka dama yangona, ƙoƙo ya fara zagawa. Ya je wa dattawa, ya je wa Torika, har Lachlan ya samu ya shanye yana yamutsa fuska. Da aka zo kan Peniasi, mai rabo ya saci kallon Ilaitia, ya tsallake shi. Kowa ya gani. Peniasi ya sunkuyar da kai. Ya gaya wa kansa abin da ya kawo shi ya yiwu, sauran kuma shi ya saya da hannunsa. Amma zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, don ya san daga yau ba zai sake ganin mutumin nan ba.

Rana ta karkata, Lachlan ya fara duban agogo. Aka cika wa Ilaitia ƙoƙonsa na kansa, wani tsohon ƙoƙon kwakwa da ya yi baƙi yana sheƙi, wanda ba mai sa masa baki sai shi. Yana riƙe da shi ya faɗi maganar da ake faɗa wa kowane vasu.

"'Yar ƙanwata, daga yau garin nan naki ne. Duk abin da kika ɗora wa hannu ya zama naki, babu mai hana ki."

"Komai, Kawu?" in ji Torika da gurgun Fijiyancinta.

"Komai. Alade, tabarma, kwale-kwale."

Wanda ya tashi a gida ya san yadda ake yi. Sai ka yi godiya, in za ka tafi ka ɗauki 'yar kaza ko tabarma ɗaya don kada a ce ka raina. Torika a Logan ta tashi, ita maganar ta ji. Ta rarrafa gaban kawunta, ta sa hannu biyu ta ɗauke ƙoƙon daga hannunsa. Wata mata ta dafe ƙirji. Ta juya a kan gwiwoyinta, tana lallaɓawa kada ya zube, har gaban ubanta.

"Na ɗauka, nawa ne. Na ba Babana."

"Mayar, Torika," ya ce ƙasa-ƙasa, a tsorace. "Ba haka ake yi ba."

Ba ta mayar ba. Ido duk ya koma kan Ilaitia. Shi ya faɗa da bakinsa a gaban gari, kuma maganar ba ta janyuwa. Ya dubi hannayensa da suka zama wayam, ya dubi yarinyar mai fuskar ƙanwarsa, wadda ta kafe shi da ido kamar yadda ƙanwar ke yi in ta ƙi abu.

"Kayan vasu ne," ya ce. "A sha."

Peniasi ya tafa sau ɗaya da ƙagaggun yatsunsa, kamar yadda al'ada ta tanada, ya karɓa. Ɗakin ya yi tsit, don haka kowa ya ji yadda yake zuƙa yana haɗiya da ƙyar.

"Ku ji mini fa," in ji Ilaitia, muryarsa a dushe. "Shekara talatin a ƙasar Turawa, har yanzu saniya a bakin rafi. Haba, tavale."

Peniasi ya buɗe baki zai rama. "Kifayen garin nan," ya ce, "har yanzu suna..." Bai iya ƙarasawa ba. Ya kifa fuskarsa a kan tabarma ya yi kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar matarsa. Ilaitia ya jawo jiki ba tare da sandar ba, ya zo ya dafa bayansa.

Da ƙyar suka samu kwale-kwalen ƙarshe, laka har gwiwa, Saras kuma ta karɓi motarta da lakarta ba ƙorafi. Ilaitia bai ga haihuwar jaririn ba, ya rasu ba da daɗewa ba. Torika ce ta ba mu labarin abin da ya faru a hanyar dawowa. Ta ce Lachlan na ta fama da sitiyari, ita tana kallon hanya, sai ta ji tsohon yana magana a kujerar baya. Ta waiwaya ta gan shi rungume da ƙoƙon a cinyarsa, yana kallon kujerar da ba kowa a gefensa.

"Vasemaca," ya ce, "mun kai."