Mushe Garbai, wanda ya mayar da kuskuren ƴaƴanmu doka

Da hantsi za ka ga Mushe Garbai yana buɗe ɗakinsa da ke bayan kasuwar Gure. Shi da kansa yake share tebura, ya kunna tsofaffin kwamfutocinsa, ya zauna jiran ɗalibai. Shekara da shekaru yana koya wa ƴaƴanmu rubuta kod, wato umarnin da ake ba na'ura ta yi aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni mai sayar da gishiri da kanwa ne, karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Bara wani kamfani a Yamai ya ɗauki ƴata Balkisa, ɗalibar Mushe, gwaji, tana aiki daga gida. Sai suka riƙa dawo mata da aikin. Kod ɗin yana tafiya daidai, amma wai ba haka gidansu ke tsara rubutu ba: yadda ake sa suna, inda ake barin fili, tsawon layi. Ba su gaya mata dokokin ba, gyara kawai suke turowa. Daga ƙarshe suka ce saura gwaji ɗaya. Balkisa ta ce in suka sallame ta, Yamai za ta tafi neman aiki. Ba mu da kowa a can. Abinci ya daina shiga mini.

Na rufe shago, na tafi da Balkisa muka iske Mushe.

"Mushe, yarinyar nan tafiya za ta yi."

"Malam Mainasara, zauna ka sha ruwa, ka fi ta firgita. Balkisa! Kwaso mini duk abin da suka dawo miki da shi, har da mai munin, kar ki ɓoye."

Ya jera kowane kuskure kusa da gyaransa, ya ba wata manhaja da ya haɗa. Ita take kwatanta biyun, ta fitar da doka, daga nan duk wanda ya sake irin kuskuren sai ta ja masa layi ja tun kafin ya tura aiki. Dokar farko ta kama har rubutun da ba laifi.

"Wannan ta fi jandarma kama mutane," in ji Mushe. Ya ƙara mata misalai masu kyau har ta san wanda za ta bari.

Kowace doka kuma sunan wanda ya kawo kuskuren yake sa mata. Yanzu ɗalibai ba sa ɓoye ɓarnarsu, rige-rigen kawowa suke. Na ji shi yana ce wa wani: "Husseini, in ka ƙara ɗaya, gwamna za mu naɗa ka."

Balkisa ta bi da aikinta ta cikin dokokin nan kafin ta tura. Bai dawo ba. Sun riƙe ta.

Mushe, kai ne ba ka taɓa yi wa yaro dariyar rashin sani ba. Kai ne ka duba gyaran da ake jifan ƴata da shi ka ga darasi a ciki. Na gode, Allah ya ba ka lafiyar hutu. Ku kuma masu sana'a, tela ko makaniki, in na ƙasa da ku ya yi kuskure ku zaunar da shi ku duba tare, kamar yadda Mushe yake yi.

Balkisa tana ɗakin uwarta yanzu, ina jin ƙarar yatsunta a kan na'ura.