Wuyan Jan Sa

Shekarar da na koma Birnin Kebbi da zama na zana jan san babanmu da fentin mai. Shi ya yi mana huɗa a fadamar Argungu shekara bakwai, kafin ya karye a laka aka kira mahauta. Ba ni da hotonsa, daga kaina na ɗauko shi, har ƙahon hagu da ya lanƙwashe da wurin da karkiya ta cinye masa gashi.

Kawu, yayan mahaifiyata, ya kawo mini ziyara ya tarar da zanen a falo. Ya daɗe yana kallo, ya kuma gane san sarai. Sai ya ce, "Ɗana, wannan hoton mai rai ne. Ka ja masa layi a wuya, kamar an raba kai da jiki, sai ya halatta."

Har buroshi ya ɗauko ya miƙo mini. Ban taɓa yi masa musu ba, amma ranar na mayar da hannuna baya.

Na ce, "Kawu, duk ranar da za ka zo zan shigar da shi ɗaki. Amma wuyan nan ba zan taɓa shi ba."

Ya ce taurin kai ne, na ce na yarda. Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Da wuyan nan muka ci shinkafa shekara bakwai. An sa masa wuƙa sau ɗaya ina tsaye ina kallo. Ta biyu kam ba da hannuna ba.