Tasbihina da Gwajin Kunne

Yau ma ina kwance ana ɗura mini ruwan ɗumi a kunne, ɗakin asibitin yana juyawa da ni.

Jiri ne ya hana ni ruku'u. Irinsa ya kama Inna a Tungan Maje tun kafin a kawo babban birnin ƙasa nan. Babu wanda ya auna ta, a zaune ta yi salla har ta rasu. Ni ga na'ura na samu, amma gwajin farko ya ce matsalar kunnen hagu ce, na bayansa ya ce lafiya lau.

Likitar, yarinya sa'ar 'yata, ta dakata.

"Hajiya, na ce ki riƙa magana don kada hankalinki ya kwanta. Me kike faɗa?"

"Tasbihi nake yi, 'yar nan."

"To shi ne, Mama. Bakinki ya saba, shi kaɗai yake tafiya. Motsin idonki muke dubawa, idan hankali ya kwanta ido ma ya kwanta. Lissafo mini garuruwan da ke tsakanin Zuba da Keffi."

Na lissafo ina tuntuɓe, har da garin Uke. Ta maimaita gwajin, amsa ɗaya: kunnen hagu ne, kuma akwai atisayen da take fatan zai mayar da ni ruku'u.

Na dawo gida a gajiye, ba kuwa ruwan ne ya gajiyar da ni ba. Shekara da shekaru ina jan carbi, ashe sunan Uke ya fi sunan Ubangijina farkar da hankalina. Astagfirullah.

'Yan'uwa, ku yaya kuke tsayar da zuciya inda harshe yake?