Gurbin Tsohuwar Mota

A unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai Sannu-Sannu. Ya samo sunan ne tun yana tuƙin tasi, don mai gaggawa in ya hango shi gara ya taka da ƙafa. Amma har ya ajiye tuƙi bai taɓa goge wa kowa fenti ba, kuma in ka je gidansa zai gaya maka haka tun kafin a kawo maka ruwa.

Motar tana nan a kusurwar tsakar gida. Tayoyi sun sace, injin ya yi shiru shekara da shekaru, amma kullum da safe sai ya ɗauko tsumma ya goge ta tas, ya shiga ya zauna a kujerar direba da ƙaramin rediyonsa. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta koma shanya tawul a kan bonet.

Matar tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta zama sai a firij. Wani lokaci aka ɗauke wuta aka manta da su, maganin ya lalace ba su sani ba, sai da ta kwanta asibiti. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Babbar 'yarsu ta ce za ta saya musu janareta irin mai tashi da kansa da zarar an ɗauke wuta, shi dai Baba ya zaɓa.

Wa ya aike ta! Ba shagon da bai shiga ba. Duk inda ya je sai ya sa a tayar da injin, ya ɗora kofin ruwa a kan murfin ya tsaya yana kallo. In ruwan ya yi rawa, sai ya ce a kashe. Wani mai shago ya dage sai ya tura masa wani ƙato.

“Baba, wannan har maƙwabta zai ɗauka.”

“Ɗan nan, firij zan ɗora masa da fanka da ƙwan fitila. Ba gidan biki zan buɗe ba.”

Da ƙyar ya samu matsakaici wanda ruwan ya kwanta luf a kansa.

Ranar da mai haɗa wuta ya zo, ya zagaya gidan yana duba wurin ajiye shi. Bayan ɗakin kwana akwai taga, hayaƙi zai shiga. Gefen kicin akwai tukunyar gas. Ya zagaya, ya sake zagayowa, ya tsaya cak a gaban motar yana sosa ƙeya.

“Baba, gaskiya nan ne kawai. Ga iska, ga nisa da tagogi.”

Sannu-Sannu ya ji kamar an ce a cire masa haƙori. Da motar nan ya ciyar da gidan, a cikinta ya kai matarsa haihuwar duk 'ya'yansu. Ya buɗe baki zai ce bari ya yi tunani, kuma kowa ya san tunaninsa yana iya cin wata guda. Sai matar ta leƙo daga ƙofar kicin.

“Malam, a bar maka motarka. A sa shi bayan ɗakina, sai in riƙa rufe taga.”

Ba gatse ta yi ba, har zuciyarta take nufi, kuma wannan ne ya fi taɓa shi.

“Ki rufe taga ki zauna cikin zafi da hayaƙi saboda gwangwani?”

Bai taɓa kiran motar da wannan sunan ba. Kafin azahar ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. 'Yar tasu, da aka gaya mata a waya, ta ce a sake faɗa mata, don ba ta yarda Baba zai iya yanke magana a wuni ɗaya ba. Abu ɗaya ya hana masu ƙarafan ɗauka, kujerar direba. Da kansa ya kwance ta.

Aka daɓe wurin da siminti, aka yi rumfa, aka ja waya zuwa akwatin sauya layi kusa da mita. Kujerar tana gindin bango, inda yake hango injin.

Yanzu da safe tsumman nan bai huta ba. Ya goge janaretan, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya zauna da rediyonsa. Matar ta rasa wurin shanya tawul, tana yi masa mita, yana dariya. Yana kewar motar, ba ya ɓoyewa, amma hankalinsa kwance yake.

In aka ɗauke wuta injin ya tashi, ba ya kallon ƙwan fitila kamar kowa. Miƙewa yake ya nufi kicin ya dafa jikin firij, sannan ya leƙa ɗakinta.

“Malam, ai kana jin ya tashi. Me kuma kake dubawa?”

“Fasinja ɗaya ta rage mini,” in ji shi. “Dole in ga ta zauna daidai.”