Ranar da Aka Tambayi Inna Rifkatu

A Unguwar Barmo, can bayan Ruwan Godiya, da wuya ka nuna matashin da ba hannun Inna Rifkatu ne ya fara taɓa shi a duniya ba. Ni Sa'adiya, katanga ce kawai ta raba gidanmu da nata, kuma 'ya'yana duka ita ta yanke musu cibiya. Ita Kirista ce, mu Musulmi, amma naƙuda ba ta tambayar wannan. Gajera ce, ga faɗa. In kina kan gwiwa kina raki, sai ta harare ki ta ce, "Lokacin da ake ta daɗi ai ba ki aiko a kira ni ba."

Asibitin da take aiki na mishan ne, 'yan ɗakuna da baranda, mutanen cocinsu suka gina shi tun ina yarinya. Da shara ta fara, aka ga hannunta, aka tura ta kwas ta dawo ungozoma. Akwai firji mai aiki da hasken rana, a ciki ake ajiye allurar rigakafi da allurar tsayar da jini. Tun da 'yan bindiga suka ɓata hanya, asibitin nan ya zama shi ne gatanmu, don zuwa Funtuwa sai an yi shahada.

Matar nan da ba ta jin nauyin kowa, mutum ɗaya take jin nauyi a duniya: ɗanta na fari, Ishaya. Ana yaye shi kakarsa, wadda ake kira Gwaggo, ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Gwaggo" take ce masa. In ya shigo gaishe ta, murhu take kallo ta amsa. Mu ma duk mun yi kunyar ɗan fari, amma mun yi ta 'yan shekaru mun ajiye. Ita ta riƙe tata kamar gonar gado. In na ga sabuwar atamfa a jikinta na ce wa ya sayo, sai ta ce, "Mutanen birni," ta sako wani zance.

Ishaya ya yi karatu, har ɗarikarsu ta ɗora shi a kan asibitocin mishan na Kankara da Faskari da Sabuwa. Magani, albashi, rufin da ke yoyo, duk ta hannunsa suke bi. Mun yi ta taƙama, wai namu ne a sama. Sai manoma suka bar gonaki, majami'un ƙauye suka watse, baikon coci, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa, da ake riƙe asibitocin da shi, ya ja baya. Hedikwata ta ce dole a rufe wasu, aka kafa kwamiti ya zagaya ya gani, da Ishaya a ciki.

Ana gobe za su zo, Mai Unguwa Malam Salihu ya taka da kansa har zaurenta, mu mata muna biye.

"Inna, ɗanki ne," in ji shi. "Ki yi mashi magana kahin su zauna."

"Ni? In ce mashi mi? Shi bai san garinsu ba?"

Na ce, "Inna, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa."

Ta ɗago muciya ta nuna ni da ita, aka yi dariya, aka watse. Ni ban yi dariya ba, don na san halinta.

An yi zaman a gindin bishiyar bedi ta asibiti. Shugaban kwamitin wani Rabaran ne mutumin kirki, amma daga nesa ya fito, Hausarsa ta aiki ce. Mai Unguwa ya yi roƙo. Malamin asibitin sabon zuwa ne, shi da ma neman hanyar barin ƙauyen yake, bai ce komai mai nauyi ba. Sai Ishaya ya ɗaga kai, a gaban kowa, ya dubi uwarsa.

"Inna, ke kika hi kowa daɗewa nan. Mi kika gani?"

Sai na ga matar da ke tsawata wa maza a bakin ɗakin haihuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa ƙafarta ido. Can da ƙyar ta ce, "Abin da manya suka gani shi ne daidai."

Duk ɗan garin da ke wurin ya san abin da ya ɗaure mata baki. Rabaran bai sani ba. Ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "To, har Mama ma ta yarda." Mu kuma sha'anin cocinsu ne, bakinmu bai kai can ba. Ishaya ya sunkuyar da kai.

Bayan kaka, akori-kura ta zo ta kwashe gadaje da firjin, aka kai su asibitin mishan na wajen Sabuwa, aka garƙame ƙofa. Inna ta koma karɓar haihuwa a ɗakunan mutane, da almakashinta da zare.

Da bazara Rukayya, matar ƙanena Nasir, ta haihu da hantsi. Yarinya ta faɗo lafiya, jini ya ƙi tsayawa. Inna ta yi duk abin da hannu ke iyawa, tana ta faɗin allurar nan da babu. Aka samo mota aka nufi Funtuwa. Ba su kai Mairuwa ba suka juyo.

Washegarin sadakar ukun Rukayya, Inna ta leƙo gidanmu da safe. "Sa'adiya, ɗauko mayahinki ki raka ni."

A ofishinsa na Funtuwa, Ishaya ya miƙe a firgice ya ba ta kujerarsa, shi ya zauna a ƙasa. Ta juya gefe, bango take yi wa magana. Ta faɗi yadda Rukayya ta tafi, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "A maido mamu hirjin nan. Ko gadajen a bari."

Ishaya ya ce, "Inna, ya hita hannuna. Sai babban taron baɗi, in an yarda." Muryarsa ta karye. "Ran nan da gangan na tambaye ki gaban mutane. In ke kika ce a bari, ba mai musu da ke. Ni in na hwaɗa, cewa za a yi ya ruhe na wasu ya bar na uwarshi."

Sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. "Ni kuwa cewa na yi ka san komi, ba sai na hwaɗa maka ba."

Kunya ta kama ni kamar ni na yi, ga haushinsu su duka biyun ya cika ni. Na tashi na ba su wuri.

Ranar sunan yarinyar ba kiɗa ba guɗa, an mayar mata da sunan uwarta. Mata sun cika tsakar gida, zance ya juya kan asibiti. Wannan ta tsine wa kwamiti, waccan ta ce ɗan gari ne ma ya ci amanarmu. Inna Rifkatu tana gefe tana yi wa jaririyar wanka, ba ta ɗago ba.

"Ku bar zagin bayin Allah," ta ce. "An tambaye ni."