Na Ji Shi Yana Kira a Bayan Gonata, Na Gudu

Edita, a shekarar da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye da ke bayan Godogodo. Citta nake nomawa, kuma ni ce mai bakin zumuntar matan majami'armu. In ana neman wadda za ta yi wa mutane wa'azin ƙaunar maƙwabci, ni ake turawa gaba, ni kuwa ba na jira a roƙe ni sau biyu. Mijina yana cikin 'yan bangan ƙauye, irin mutumin da in ya ji ihu ba ya tsayawa neman takalmi. A lokacin an sha kai hari ƙauyukan da ke kusa da mu, har muka saba da gudu da zarar mun ji ƙara, tambaya sai daga baya. Ana kuma ta faɗa cewa maharan kan yi kukan neman taimako a daji don su jawo maza su fito.

Wata rana a tsakiyar damina ina gona ni kaɗai ina cire ciyawa, sai hadari ya haɗo, gajimare ya sauko ya rufe dutsen da ke bayan gonar. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, na fake a bukka. Can na ji wani ƙugi da na ɗauka na tsawa ne, sai kuma wata irin ƙara da ta girgiza ƙasa. Bayan ɗan lokaci na soma jin muryar namiji ta bayan dutsen, yana salati, yana roƙon duk wanda ke kusa ya taimake shi don Allah. Ba zan ɓoye ba, salatin nan da na ji shi ya ƙara tsorata ni, raina ya ce su ne. Na bar fartanya na kwasa da gudu cikin ruwan.

Da na isa gida mijina ya tambaye ni abin da na gani, don su ma sun ji ƙarar. Na ce masa aradu ce ta faɗi a kan dutse. Na san in na ambaci muryar, adda zai ɗauka ya fita, ni kuma ban shirya zama gwauruwa ba. Na sauya zane, na hura wuta.

Da yamma motocin sojoji suka shigo ta hanyar Kafanchan suna cigiyar jirginsu mai saukar ungulu da ya ɓace a cikin hadarin. Mazanmu suka raka su. Suka tarar ya daki dutsen, duk na cikinsa sun rasu nan take, in ban da wani matashin hafsa da ya ja jiki har bakin kunyoyin cittata, ya ɗaure cinyarsa da bel ɗinsa. Mijina ne ya ba ni labari ina zuba masa tuwo. Ya ce likitan sojojin ya ce jini ne ya ƙare masa a hankali, da an same shi da wuri wataƙila da ya rayu. 

Bayan wasu makonni aka kawo mahaifiyarsa, wata dattijuwar hajiya daga nesa, ta ga inda ɗanta ya cika. Da aka ce mata gonar tawa ce, ta riƙe hannuna tana kirana 'yarta. Ta ce ba ta zo tuhumar kowa ba, abu ɗaya ne ya hana ta barci: ko akwai wanda ya ji yaron ya yi kalmar shahada. Mijina na tsaye, fastonmu na tsaye. Na buɗe baki na ce ban ji komai ba. Ta share hawaye da gefen mayafinta, ta sa mini albarka, ta hau mota.

Tun daga ranar ban ƙara tsayawa gaban mata na yi wa'azi ba, suna cewa girma ne ya zo mini. Ban ce kowa ya ruga daji don ya ji ihu ba, mu da muka binne namu mun san dalilin tsoronmu. Amma 'yan'uwana, in kun gudu, ku faɗi gaskiyar abin da kuka ji, ku bar jama'a su yanke shawara. Kada kuma yadda mutum ke kiran Allahnsa ya sa ku yanke masa hukunci. Ni na yanke, ni kaɗai, mutum ya mutu a bakin gonata.

Ban san sunan dattijuwar nan ba, ban san garinta ba, ban ma san ko tana raye ba. Hajiya, idan wani ya karanta miki wannan, ki gafarce ni, ƙarya na yi miki. Ɗanki ya yi kalmar shahada, ya yi ta maimaitawa. Da kunnena na ji.