Kujerar Gefen Popo

Har gobe idan na ji ƙas-ƙas ɗin ɓare soyayyun 'ya'yan kankana, sai in ga kaina a falonmu na saman wani tsohon bene da ke bayan titin Huanshi Lu, fanka tana juyawa, bango yana gumi saboda laimar bazara, talabijin kuma a kunne.

Mahaifina Bakano ne, yana tura kaya gida ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Mahaifiyata haifaffiyar Guangzhou ce, birnin da muke zaune a Chana, kuma mahaifiyarta a wurinmu take zaune. Popo muke ce mata, yadda mutanen garin ke kiran kaka ta wajen uwa.

A gidan nan kowa da fim ɗin wajen da ya ɗauke masa hankali. Kawuna sai na Amurka, inda motoci ke tashi sama, benaye suna rushewa, ba ruwansa da labari. Mama da ƙawayenta na Koriya suke bi, su yi ta share hawaye a kan samari masu santsin fuska. Yaran unguwa sai katun ɗin Japan. Ita kuwa Popo buƙatarta ɗaya ce, a nuna mata iyaye suna shan wahala saboda 'ya'ya, 'ya'yan su gane daga baya su zo suna kuka. Shi ya sa da aka shiga yayin finafinan Indiya ta karɓe su hannu bibbiyu, ita da tsofaffin da suke rawar motsa jiki tare a dandali.

Sai dai idonta ya yi rauni, ba ta iya bin rubutun Sinanci da ke gudu a ƙasan hoto. Karantawar ta zama aikina. Ina da wata ƙaramar jar kujerar roba a gefen ƙafarta, in zauna in riƙa karanta mata da ƙarfi, ita kuma tana ɓare 'ya'yan kankana tana tara mini a tafin hannu. Kada ka raina wannan kujera. A makaranta ni ce baƙar yarinyar da kowa ke son taɓa gashinta, a shagon Baba kuma 'yan Kano suna ce mini 'yar Chana saboda karkatacciyar Hausata. A kan kujerar nan kaɗai nake jin ana buƙatata yadda nake.

Wani dogon hutu, lokacin da ruwa ke zuwa da iska mai karya bishiyoyi, Gwaggo ta zo daga Kano sarin wandunan jins a Xintang. Ta zo da 'yarta, sa'ata, ta riƙa barinta a wurinmu. Yarinyar nan ba ta san komai da Sinanci ba sai gaisuwa, saboda haka ban ɗauke ta a bakin komai ba. Har tausayinta na ji da ta zauna a ƙasa, ɗaya gefen Popo.

Ana cikin fim, wani mai gashin baki ya shigo yana gaisuwa cikin ladabi. Ban kai ƙarshen layin da nake karantawa ba, sai 'yar Gwaggo ta kama hannun Popo, ta zaro ido, ta nuna shi.

"Wannan ne mugun. Wallahi shi zai raba su."

Na ce, "Yaushe kika iya Indiyanci?"

"Ai ba sai na iya ba. Ba ki ji yadda kiɗan ya canza ba? Mu a gida tun muna goye muke kallo."

Haka kuwa aka yi. Da asirin mai gashin baki ya tonu, Popo ta bugi cinya tana dariya, ta juya ta kalli baƙuwar kamar a ranar ta fara ganinta.

Irin kallon Kano ta zo mana da shi, wanda ba a yin sa da baki a rufe. Ta gargaɗi jaruma, ta tafa hannu, ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska tun kafin uwar da ke cikin fim ɗin ta faɗi. Popo ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tana gane komai daga matsar hannun nan. Ta laƙaba mata Kanuo, don haka bakinta ke iya faɗin Kano. Ina nan dai ina karatuna, ina ƙara ɗaga murya, har ranar da Popo ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan yi shiru, kina hana ni jin kiɗan." Da na duba, 'ya'yan kankanar sun koma wancan tafin hannun.

Kishi ya ci ni har abinci ya daina shiga. Na nemo fim ɗin Koriya, inda na san Kanuo ba za ta tsinana komai ba, Popo ta yi ta gyangyaɗi. Na kai ƙara wurin Baba, ya yi dariya.

"Haba uwata, da baƙuwa kike kishi? Kwana nawa za ta yi?"

Ranar da suka tafi na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Na jawo kujerata, na gyara murya. Popo ta saurari karatuna na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Yi mini irin nata." Na gwada, amma kullum sai abu ya riga ya faru nake matsa hannun.

Yau kowa da wayarsa a jirgin ƙasa, yana kallon guntayen wasanni shi kaɗai, babu mai neman a karanta masa. 'Yar Gwaggo tana Kano da 'ya'yanta, ni nake tura mata kayan shago, muna zumunci sosai. Popo ta tsufa ƙwarai, ba ta ganin komai sai haske. Ranakun Lahadi nakan kunna mata fim ɗin Indiya, kuma yanzu na san kiɗan, ina matsa hannunta a daidai lokaci. Makon jiya kiɗa ya canza, na matsa, fuskarta ta washe.

"Kanuo, mugun ne ya shigo ko?"

Kishin nan na da ya taso mini. Na danne shi, na ce mata e, shi ne, ban kuma saki hannun ba.